Guzurin soja: me ake ƙulla wa ɗan da ke bakin daga, me ya kamata a bari a gida?

A Ouidi, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin Wagadugu, labarin cewa wani soja ya zo hutu ba ya jimawa bai zaga gidaje ba. Kafin kwanakinsa su ƙare, iyaye da matan abokan aikinsa sun fara yin sallama a ƙofar gidansu, kowa riƙe da ƙunshinsa. Shi kuwa jaka ɗaya gare shi, ga kayan aikinsa, ga doguwar hanya. Wani ƙunshin zai karɓa da murna, wani zai karɓa don kunya ya bar shi a hanya, wani kuma zai isa sansani ya riga ya lalace.

Unguwar ta saba da zancen mayaƙa. Sunanta ya samo asali daga Ouidi Naaba, wato sarkin dawakin Mogho Naaba, wanda rundunar mahaya take hannunsa a zamanin da. Yau kuma, tun da rikicin ƴan bindiga masu iƙirarin jihadi ya shigo Burkina Faso a 2015, gidaje da yawa na Mosawa da Fulani da Hausawa suna da wani nasu a soja, ko jandarma, ko cikin ƴan sa-kai na VDP da aka kafa da doka a watan Janairun 2020. A watan Oktoban 2022 gwamnati ta nemi ƴan sa-kai 50,000, waɗanda suka ba da suna sun haura 90,000. Kowane ɗaya cikinsu yana da uwa ko mata ko ƙanwa da ke tambayar abu guda: me zan aika masa?

Hanya ce ke zaɓar kaya

Wanda ya nemi shawara a intanet zai tarar da jerin kayan da iyalan sojojin Amurka ke aikawa: cakulan, alewa, mujallu, katuna. Wannan tsari yana tafiya ne saboda rundunar Amurka tana da gidan waya nata, kuma uwa a Texas tana biyan kuɗin aike na cikin gida ko da ɗanta yana wata nahiya. Kalmar da suke kiran irin wannan ƙunshi da ita ma tana da tarihi mai ban sha'awa. Ƙungiyar agaji ta CARE ce ta sauke kwalayenta na farko a tashar Le Havre ta Faransa a watan Mayun 1946, kuma abin da ke ciki rarar abincin sojojin Amurka ne da aka raba wa fararen hula da yaƙi ya talauta. Wato da farko abincin soja ne ya je hannun talaka, daga baya abin ya juya.

A Burkina babu ma'aikacin gidan waya da zai kai kwali sansanin daji. Saƙo yana tafiya ne ta hannu: abokin aiki da ya gama hutu, ko rukunin da za su je canjin aiki, ko barikin da rundunar take a birni, wanda zai ajiye kaya har ranar da ayarin motoci zai tashi. Ranar kuwa ba a faɗarta. Djibo tana da nisan kilomita kusan 200 daga Wagadugu, tafiyar da a da ake yi cikin yini, amma tun watan Fabrairun 2022 ƴan bindiga suka datse hanyoyinta, sai da rakiyar soja ko ta jirgin sama ake shigar da kaya. Ranar 26 ga Satumban 2022 aka kai wa wani ayarin abinci da ke kan hanyar Djibo hari a Gaskindé, sojoji 27 da fararen hula 10 suka mutu bisa alƙaluman hukuma. Kwana huɗu bayan nan Kyaftin Ibrahim Traoré ya karɓi mulki.

Abin da wannan ke nufi ga mai ƙulla saƙo shi ne, kada ya yi lissafin kwana biyu. Ƙunshin yana iya zama mako uku a ɗakin ajiya mai rufin kwano, a hau kansa a bayan babbar mota, ƙura ta lulluɓe shi, a watan Afrilu ko Mayu da zafin arewa ke haura digiri 40. Idan jirgi ne zai ɗauka, harsashi da magani da abincin runduna ne a gaba, kayan gida sai in wuri ya ragu. Duk abin da ba zai jure wannan ba, barinsa a gida ya fi.

Hausawa ba baƙi ba ne ga wannan lissafi. Fataken da ke tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato zuwa Gwanja sayen goro suna ratsa ƙasar Gurma da ta Mosawa, suna wata da watanni a hanya, kuma zangunan da suka riƙa sauka ne suka zama unguwannin Hausawa. Zangouétin ta tsakiyar Wagadugu, wadda aka rushe a 2003 saboda aikin ZACA, daga kalmar zango ta samu sunanta. Guzurin waɗannan fatake ba shi da ruwa, ba shi da nauyi, kuma ana iya cinsa ba tare da hura wuta ba. Sharuɗɗan nan uku har yau su ne ma'auni.

Abincin da ke kai kansa

Kilishi ne sarki a nan, kuma Wagadugu ba ta rasa masu yinsa. Sai dai ba kowane kilishi ke jure tafiya ba. Wanda aka yi don a ci yau yakan zama da ɗan laushi, kuma in aka ɗaure shi a leda da sauran ɗumi sai ya yi gumi, fumfuna ta kama shi cikin kwanaki. A gaya wa mai kilishi cewa na tafiya ne, ya ba da wanda ya bushe ƙarau. A bar shi ya huce sarai, a naɗe da takarda, sannan a saka a leda. Dambun nama ma haka, in an soya shi ya bushe sosai kuma ba a cika masa mai ba.

Naman layya shi ne abin da ya fi ɗaukar ran iyaye, domin babu uwar da take son a yi Babbar Sallah ɗanta bai ɗanɗana ragon gida ba. Yana yiwuwa, amma da sharaɗi. A yanka ƙanana, a soya har ruwan jikinsa ya ƙone gaba ɗaya, a tsame, a shanya ya sha iska, a zuba a mazubi mai tsabta da ya bushe. In ba a san ranar tafiyar mai kai saƙo ba, gara a mayar da shi dambu. Nama mai sauran danshi da ya kwana goma a zafi yana iya kwantar da mutum biyar da gudawa a wurin da babu asibiti kusa, kuma sojan da ciki ya ɗaure ba shi da amfani ga kansa balle ga abokansa.

Bayan nama sai abin da ake jiƙawa a sha. Garin rogo da sukari da madarar gari da soyayyar gyaɗa abinci ne cikakke da ba ya buƙatar komai sai ruwa da kofi. Bassi, busasshen dambun gero da ake haɗawa da gyaɗa da sukari, wanda ƴan makarantar kwana a Burkina suka san darajarsa, shi ma haka. Ƙuli-ƙuli yana daɗewa. Dabino da busasshiyar aya ba su da matsala, kuma in azumi ya kusa, dabino ya kamata ya fi komai yawa. Fura da ɗanyar gumba kuwa, duk da daɗinsu, ba sa wuce kwana ɗaya ko biyu. Dakuwa tana tsakiya: takan kai mako, amma man da ke jikinta yana sauya ɗanɗano in zafi ya yi yawa.

Akwai wani abu ƙarami da ake yawan mantawa, shi ne yaji. Abincin sansani iri ɗaya ne kullum, shinkafa da wake da taliya da kifin gwangwani, kuma wanda ya ci su wata uku a jere ya san yadda baki ke mutuwa. Gwangwani ɗaya na yajin gida, mai citta da kanumfari da ƙuli, yana gyara kwano ɗari. Daddawa, wadda a nan ake kira sumbala, da garin kuka da busasshiyar kuɓewa suna da amfani inda sojoji ke girki da kansu. A ɗaure daddawa ninki biyu, in ba haka ba tufafi da wasiƙa duk za su ɗauki warinta.

Koren shayi da sukari kusan wajibi ne. A Burkina zaman shayi shi ne majalisar samari, kuma a sansani shi ne lokacin da mutum ke mantawa da inda yake na ɗan lokaci. Ƙananan ledojin Nescafé suna taimakon mai gadin dare.

Goro yana buƙatar kulawa ta dabam, don shi kaɗai ne cikin guzuri ba ya son bushewa. In aka rufe shi a leda ya ruɓe, in aka bar shi a iska ya ƙandare. Masu goro suna naɗe shi da ganye cikin algarara mai ɗan danshi, su riƙa dubawa suna cire wanda sankara ta taɓa. Soja ba shi da lokacin wannan hidima, don haka goro ashirin masu kyau da za a cinye cikin mako sun fi ƙwarya guda da rabinta za ta lalace.

Sannan a tuna cewa ba mutum ɗaya zai ci ba. Duk ƙunshin da ya isa sansani a gaban jama'a ake kwance shi, Bamoshe da Bagurme da Bafulatani da Kirista da Musulmi kowa ya miƙo hannu, kuma akwai waɗanda ba wanda ke aiko musu da komai. Uwa mai dabara takan raba kayan gida biyu: babban ƙulli na kowa da kowa, da ɗan ƙarami da ta rubuta sunan ɗanta a kai.

Jiki da lokacin shekara

Kayan jiki suna bin yanayi. Da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, daren Sahel yana da sanyi mai shiga ƙashi, leɓe da diddige suna tsagewa. Man kaɗe, wanda Burkina ke da shi a wadace, yana maganin wannan, a zuba shi a mazubi mai murfin murɗawa don yana narkewa. A haɗa da hular sanyi da rawani na tare ƙura, masu duhun launi. Da damina kuwa sauro ne da jiƙaƙƙen takalmi. Ƙafar da ta yini cikin but a jiƙe takan yi ƙaiƙayi ta salluɓe tsakanin yatsu, don haka safa ta auduga ƙafa uku ko huɗu da hodar ƙafa sun fi sabuwar riga amfani. Man shafawa na korar sauro ya fi maganin sauro na kunnawa, wanda hayaƙinsa da jan wutarsa ba a son su da dare a wasu wuraren.

Sabulun wanka da na wanki na sanda, asuwaki, reza, abin yankan farce, allura da zare, singileti da kamfai, duk ba su da nauyi. Akwai mata a soja da jandarma, kuma su audugar mata ce abin da ya fi wuyar samu a garin da aka datse.

Batun magani yana son taka-tsantsan. Farasitamol da ƙunshin gishiri da sukari na asibiti, wanda ake kira SRO, ana narka ɗaya cikin lita guda ta ruwa mai tsabta, waɗannan ba laifi in daga kantin magani na gaskiya aka saye su. Haka ƙwayoyin tsabtace ruwa irin su Aquatabs, a bi adadin litar da aka rubuta a jikin ƙunshin, a jira minti 30 kafin a sha. Abin da bai kamata ya shiga ba shi ne ƙwayoyin masu tallar magani a bakin titi, musamman tramadol da ire-irensa da ake cewa suna hana gajiya. Suna sa maye da farfaɗiya da kamu, kuma mutumin da ke riƙe da bindiga shi ne na ƙarshe da ya kamata ya sha su. Wanda ɗansa ya roƙe shi irin wannan ƙwaya a waya, ya gane cewa akwai matsalar da ta fi ƙarfin ƙunshi, ta likitan runduna ce.

Waya kuwa ba ta aiki sai da caji. Batirin ajiye caji da ɗan farantin hasken rana da igiyar caji ta biyu kyauta ce mai daraja, da tocila ƙarama da batiranta. Amma batirin ajiye caji na arha yana kumbura a zafi, yana iya kama wuta, kada a cusa shi a tsakiyar tufafi ba tare da an gaya wa mai ɗauka ba.

Abin da ƙunshi ke iya tonawa

Nan ne inda kyakkyawar niyya ke iya jawo hatsari. Kada a rubuta sunan garin da sojan yake a bayan kwali, ko sunan rundunarsa, ko ranar tafiya. Sunansa da lambar da shi da kansa ya bayar sun isa. Kada a sa hoton ƙunshin a Facebook ko TikTok ko zauren WhatsApp na dangi da rubutun cewa gobe kayan wane za su tashi zuwa wuri kaza. Masu binne nakiya a hanya ba abin da suke nema kamar sanin ranar da motoci za su wuce, kuma zauren dangi mai mutum tamanin ba asiri ba ne.

Wasiƙa da hotuna ma a duba su da wannan ido. In sansani ya faɗa hannun maƙiya, duk takardar da ke jakar soja ta zama tasu. Hoton yara ba laifi, amma ban da sunan makarantarsu, da kwatancen gida, da lambobin waya. Wannan ya fi tsanani ga ƴan sa-kai da iyalansu ke zaune a ƙauyukan da ake rikici, inda ake bin dangin VDP da ramuwa.

Shi ma mai kai saƙon yana da haƙƙi. Farar hula da aka tare a shingen bincike ɗauke da takalman soja, da batir masu yawa, da kwalayen magani, yana nufar arewa ko gabas, zai sha tambaya, domin irin kayan nan ne ake zargin ana kai wa ƴan bindiga. Kada a ɗora wa direba ko ɗan kasuwa abin da zai jefa shi a wannan hali. Kayan da suka yi kama da na soja su bi ta hannun soja. Kuma a nuna wa mai ɗauka abin da ke ciki kafin a ɗaure, ya gani da idonsa. Kilo biyu zuwa uku ya isa. Ƙaramin ƙunshi da ake aikawa a kai a kai ya fi babban buhu da za a rasa mai ɗauka.

Wasu za su ce ai tura kuɗi ta Orange Money ko Moov Money ya fi sauƙi. Haka ne in sojan yana gari irin Kaya ko Fada N'Gourma da kasuwa ke ci. Amma a wuraren da aka lalata turakun sadarwa babu rezo, inda akwai rezo kuma mai cire kuɗi yana iya rasa tsaba, inda akwai tsaba kuma kanti babu kaya ko farashi ya ninka. A tambayi sojan tukuna. Sau da yawa kuɗin kira da na intanet da aka saka masa daga Wagadugu sun fi masa amfani.

Inda ƙunshi ya tsaya

Akwai iyakar da bai kamata a manta ba. Ranar 14 ga Nuwamban 2021 aka kai hari kan sansanin jandarma na Inata a lardin Soum, aka kashe aƙalla mutum 53, 49 daga cikinsu jandarmomi. Bayan harin wata takarda ta fito da ke nuna cewa kwana biyu kafin nan shugabannin sansanin sun sanar da manyansu abinci ya ƙare, kuma mako biyu ke nan suna yanka dabbobin da suka samu a kewaye suna ci. Shugaba Roch Marc Christian Kaboré da kansa ya amince an yi sakaci. Jama'a suka fito zanga-zanga, gwamnatin Firaminista Christophe Dabiré ta sauka a watan Disamba, sojoji kuma suka kifar da Kaboré ranar 24 ga Janairun 2022.

Ciyar da soja da tufatar da shi da yi masa magani aikin hukuma ne, kuma talaka yana biyan kuɗinsa. Asusun tallafin kishin ƙasa da aka kafa a Janairun 2023 yana karɓar haraji daga kayan sha da kuɗin waya, daga 2024 kuma aka ƙara da kashi 1 cikin 100 na albashin ma'aikata. Don haka kilishin uwa ƙari ne. In soja ya fara roƙon a aiko masa da shinkafa da mai don babu abin ci, wannan magana ce da dangi za su kai ga sashen kula da iyalan sojoji na rundunarsa, cikin natsuwa, ba tare da yayata wurin da yake ba. Kuma gidan da ba shi da hali kada ya ci bashi don ya yi gasa da maƙwabta. Akwai matan sojoji da ke haɗa kai kamar adashi, wannan ta kawo yaji, waccan sabulu, a yi ƙunshi ɗaya na mazajensu da ke wuri guda.

Sauran abin da ya rage ba ya auna komai a sikeli. Ƙaramar sallaya mai naɗewa da carbi, ko littafin addu'a ga wanda yake Kirista. Wasu iyaye sukan haɗa da laya ko rubutun malam, wannan tsakaninsu ne da ɗansu da malaminsu, sai dai rubutun sha na ruwa ba ya jure tafiya. Inda babu rezo, katin memori da aka cika da karatun Alƙur'ani da waƙoƙi da muryoyin mutanen gida yana yin abin da kiran waya bai samu yi ba. A bar yara su yi magana yadda suka ga dama, kaka ta sa albarka, a ba shi labarin wanda ya yi aure da wadda ta haihu da yadda damina ta yi. Rigimar gado da ƙorafin kishiya da bashin mai shago su jira ya zo hutu. Rasuwa kuwa ba a ɓoye ta har abada, amma ba a cikin ƙunshi ake sanar da ita ba. A nemi babbansa ko limamin runduna ya gaya masa baki da baki.

A ƙarshen wasiƙar a lissafa abin da aka saka, da ranar da aka ɗaure, don ya san wanda zai fara ci da wanda zai ajiye. A bar kwafin lissafin a gida. In ya samu rezo ya kira, a tambaye shi wanne ya iso lafiya, wanne ya lalace, wanne abokansa suka fi wawaso, sai a gyara na gaba.